Tsohuwar Harlem da Manoman Cikin Talabijin

Shekarar da gwiwata ta dama ta fara ciwo ce kamfanin da nake wa aiki ya tura ni gidan wata tsohuwa a Harlem. Sana'ata a New York kula da tsofaffi ce a gidajensu: wanka, girki, ba da magani, wanke abin da ya ɓaci. Na daɗe a cikinta. Kafin wannan tsohuwa na kula da wani dattijo a Queens wanda ba ya amsa gaisuwa sai da tsaki, na kuma kula da wata mata a Brooklyn da ke ɓoye cokulanta a ƙarƙashin matashi don kada in sace. Saboda haka da aka ba ni sabon gida ban yi murna ba, ban kuma ji fargaba ba. Abu ɗaya na tambaya, ko ginin yana da lif, na'urar hawa bene. Aka ce yana da shi. Ba a dai gaya mini cewa yawanci a lalace yake ba.

Daga Morris Heights da ke Bronx nake fitowa, in hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu in sauka a titin 125, sannan in taka ta gaban 'yan tebur masu sayar da turare da man kaɗanya da huluna. Akwai wani ɗan Maraɗi a cikinsu da kullum yake ce mini, “Hajiya, an fito?” ni kuma in ce an fito. Sau da yawa wannan ce kaɗai Hausar da nake yi har in koma gida.

Tsohuwar baƙar fata ce 'yar Amurka, ta doshi shekara casa'in. Siririya ce mai dogayen yatsu. Ciwon suga ya cinye mata ƙarfin ƙafafu, sai a kujera mai taya take yawo cikin ɗakunanta biyu. Ranar farko jikarta ce ta buɗe mini ƙofa, wata doguwar budurwa mai tabarau da ke karatu a jami'a, wadda ta tashi a hannun tsohuwar bayan rasuwar uwarta. Tsohuwar ta dube ni tun daga hijabi har takalmi, ta juya ta tambayi jikar ko kamfanin ba shi da mai jin Turanci. Na ce mata ina ji, da shi ma nake yi mata magana yanzu. Ta ce ita dai ba ta gane abin da na ce ba. Na kira ta Mama, kamar yadda muke kiran duk wadda ta yi sa'ar iyayenmu. Wannan kam ta ji shi sarai.

“Ni ban haife ki ba,” in ji ta.

Sai na koma ce mata madam, muka ci gaba a haka.

Ba ta fi sauran waɗanda na kula da su wahala ba. Takan yi ƙorafin abincina babu gishiri, alhali likitanta ne ya hana. Idan na goge tebur sai ta bi gefensa da yatsa ta duba. Amma abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi. Da zarar ta gama abincin rana sai in tura ta gaban talabijin, in rufa mata bargo a gwiwa, ta riƙe rimot da hannu biyu ta kamo wata tasha da ba ta nuna komai sai tsofaffin fina-finai, irin waɗanda ba su da launi. A cikinsu ma akwai waɗanda take jira, na ban dariya, na iyalan manoma. Gidan katako a tsakiyar gona, uwa da uba da tarin 'ya'ya, kaji suna hawa har kan teburin cin abinci. Akuya ta cinye rigar zuwa biki da aka shanya. Tsohuwar mota ta ƙi tsayawa sai da ta faɗa kududdufi da surukin gidan a ciki. Wani lokaci iyalin su tafi birni su yi ta abin kunya, wani lokaci ɗan birni ya zo ƙauye alade ya kore shi. Ko me ya faru, a ƙarshe za ka gan su sun taru a barandar gida ana kaɗa jita, kowa lafiya lau.

Ita tana dariya har da buga hannun kujera. Ni kuwa ina gefe ina ninke wanki, ƙafata a kan ƙaramar kujera, ina kallo sama-sama.

Waɗannan fina-finai ba baƙi ba ne a wurina. A ƙauye aka haife ni, arewa da Kano, babana manomi ne. Da na isa shiga sakandare aka kai ni birni wurin ƙanensa, a gidansa na fara ganin talabijin. A lokacin akan cike rana da irin waɗannan tsofaffin fina-finan Turawa, mu zauna a tabarma mu yi ta dariya ba tare da mun ji abin da suke cewa ba. Har na girma ina zaton haka Amurka take, Turawa ne zalla masu kaji da shanu. Wanda ba na so shi ne wasan kwaikwayonmu na Hausa, inda ake kawo baƙauye birni ya ga fanka ya kwanta a ƙasa don tsoro, ko ya shanye ruwan wanke hannu. Duk sa'ad da aka nuno shi sai 'ya'yan gidan su juyo su kalle ni. Nakan taya su dariya don kada a ce na ji haushi. Babana mutum ne mai natsuwa, ban taɓa ganin ya yi abin da za a yi masa dariya ba, maƙwabtanmu ma haka, amma ban taɓa ganin irinsu a talabijin ba.

Wata rana, bayan mun ɗan saba, ta rage sautin talabijin ta tambaye ni, ba da wasa ba, ko zakuna suna zuwa kusa da gidajenmu. Ta ce tana yarinya ta ga fina-finan Afirka da yawa, daji ne da mutane ba riga suna ɗaukar wa Bature kaya a ka. Na ce mata zakin da na taɓa gani guda ɗaya ne, a gidan namun daji na Kano, shi ma a rame yake, ko tashi bai yi ba da yara suka yi masa ihu. Na ƙara da cewa ni ma da na sauka a Bronx na yi ta neman gidajen katakon nan da kajin ban gan su ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Daga ranar ta daina cewa ba ta gane Turancina.

Jikar takan zo duk mako da kayan cefane. Ita ma kullum a gajiye take, tana karatu tana koyarwa, idanunta jajur. Idan ta tarar da fim ɗin a kunne sai ta tsaya a bakin ƙofar kicin da leda a hannu ta yi ajiyar zuciya. Ashe a kan irin waɗannan fina-finai take rubutun digirinta na uku. Ita ce ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Muna jera kaya a firij ta ce mini a shekarun da aka yi fina-finan nan, gonakin kudancin ƙasar cike suke da baƙaƙen fata, su ne masu noman auduga da taba, wasu a gonakin Turawa, wasu a nasu na kansu. Kakarta ma a irin wannan gona aka haife ta. Ta ce in duba da kyau, idan na ga ko ɗaya a cikin fim in gaya mata.

Na duba. Na yi makonni ina dubawa, har na daina ninke wanki a lokacin. Babu su a gona, babu su a kasuwar ƙauye, babu su a coci, ko a cikin taron da ke kallon gasar kabewa babu su. Jefi-jefi akan nuno ɗaya daga cikin mutanen asalin ƙasar nan da gashin tsuntsu a ka yana magana kamar yaro, ko wani kuku ɗan ƙasar Sin yana bin agwagwa da gudu da wuƙa a hannu, a yi musu dariya su wuce. Na yi mamakin yadda na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai tsohuwar ce, wadda ta san gonakin da idonta, ga ta zaune tana dariya.

Sau ɗaya na ga baƙar mace. Iyalin manoman sun je ziyara gidan wata 'yar'uwarsu mai arziki a birni, sai ga wata mata da farar rigar aiki ta buɗe musu ƙofa. Suka yi ta jibga mata kaya, riguna, kwando, har da zakara mai rai, ta zaro ido, ta shige ciki. Ba a sake nuno ta ba. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta bar fim ɗin yana tafiya, ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, wannan aikin ta yi tun zuwanta New York tana budurwa har ƙarfinta ya ƙare, a gidajen Turawa masu hali. Ta buɗe ƙofa, ta karɓi riguna, ta yi renon 'ya'yansu, ta yi jinyar iyayensu. Sai a lokacin na gane dalilin bin tebur da yatsa.

Na ce, “Sannu, madam.”

Ta ce, “Ki daina kirana haka. Da shi na yi ta kiran matan gidajen nan.”

“To me zan ce miki?”

Ta ci gaba da kallo har aka nuno manoman suna komawa gida a motarsu. Sannan ta ce, “Ki koma wa wancan na farko.”

Da sanyi ya fara ja baya, jikar ta zo da wata magana. Wani laburare a unguwar ya ba ta ɗaki ranar wata Asabar don ta nuna guntayen fina-finan ta yi bayani, kuma tana so kakarta ta zauna kusa da ita ta gaya wa mutane abin da ta gani da idonta. Tsohuwar ta ƙi. Ta ce ita ba malama ba ce, kuma rabonta da fita, in ba asibiti ba, har ta manta. Jikar ta yi ta dawowa da maganar. Ba faɗa ta yi ba, durƙusawa ta yi gaban kujerar ta riƙe hannun kakarta, ta ce littattafai ba za su faɗi abin da ita za ta faɗa ba, kuma waɗanda suka ga zamanin nan sun kusa ƙarewa. Na san tsohuwar ba ta iya hana yarinyar nan komai. Ta yarda.

Asabar ba ranar aikina ba ce, ita ce ranar da nake wankina da girkin mako, in ɗan miƙe ƙafa. Amma babu mai iya shirya ta in ba ni ba, sai na zo. Na yi mata wanka, na gyara mata gashi, ta zaɓi rigarta ta zuwa coci mai ruwan toka da hula mai ɗan fure a gefe. Da na ɗauko ƙunzugun manya da take sakawa saboda fitsari, sai ta ture hannuna. Ta ce rigar ba za ta zauna daidai ba, kuma ba za ta je gaban mutane da wannan abu a jikinta ba. Na lallaɓa ta, na gaya wa jikar, ita ma ta lallaɓa ta. Tsohuwar ta ce jikinta ne. Muka ƙyale ta. Lif kuwa ranar ma a lalace yake, sai maƙwabta biyu ne suka sauko da ita a kujerarta daga hawa na huɗu, ni ina biye da jaka ina dafa bango. A waje ana yayyafi.

Ɗakin bai cika ba. Akwai ɗalibai, akwai wasu dattawan unguwa, akwai Turawa 'yan kaɗan. Aka ajiye tsohuwar a gaba kusa da teburin jikar, ni na samu kujera a gefe jikin bango. Jikar ta yi magana mai kyau, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Na ji daɗinta kamar ni na haife ta. Sannan aka kashe fitila aka nuna guntayen. Mutane suna kallo fuska a ɗaure, wasu suna girgiza kai. Da aka zo wurin da akuya ta shiga kicin ta ja zanen tebur da kwanoni duka, sai tsohuwar ta fashe da dariya, ita kaɗai a ɗakin, tana buga hannun kujera. Wasu suka ɗaga kai suna kallonta. Ta ji shirun, ta haɗiye sauran dariyar, ta gyara hularta.

Da aka kunna fitila jikar ta miƙa mata makirufo, ta roƙe ta ta ba da labarin yadda suke kallon fim a garinsu. Da farko muryarta ba ta fita sosai, daga baya ta kama hanya. Ta ce babanta yana da gonarsa ta kansa, ta gado, da alfadari, da rumfar shanya taba. Idan an sayar da taba yakan ɗebe su a amalanke zuwa gari. Sinimar tana da ƙofa biyu, tasu ta gefe ce, mai matakala zuwa sama, can kusa da rufi inda zafi yake taruwa. Turawa suna ƙasa. Ta ce idan abin dariya ya zo tare ake yi, sama da ƙasa, sai an kunna fitila kowa ya bi ƙofarsa. Bayan rasuwar babanta wani mutum ya sayi kason da ɗaya daga cikin danginsu na nesa yake da shi a gonar, ya kai magana kotu, kotu ta ce a sayar da gonar duka. Su ba su ma san ana iya yin haka ba. A shekarar ta hau jirgin ƙasa zuwa New York.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ta yaya ta ji da ba ta taɓa ganin irinta a waɗannan fina-finai ba, kuma me ya sa har yau take kallonsu.

Tsohuwar ta ɗaga makirufon. Sannan ta ce, “'Yata, na san ba ma ciki, ai ina da ido. Kin kuma ga abin da suke yi da mu idan sun saka mu. Wani lokaci gara su bar mu a waje.” Ta numfasa. “Ni gonar nake kallo. Duk haukan da za su yi, in fim ya ƙare gonar tana hannunsu. Ba wanda yake zuwa ya ce su tashi. Ina son ganin haka, ko a hannun wane ne.”

Wani mutum a baya ya miƙe ya ce ai abin da masu fina-finan suke so ke nan, mu riƙa sha'awar abin da aka raba mu da shi a hannun waɗanda suka raba mu da shi. Ni ban ce ƙarya ya yi ba. Tsohuwar ta ce mai yiwuwa ne, amma ita ta gaji, kada a sake tambayarta.

A daidai nan ne na gani. Daga inda nake zaune ina hango ƙarƙashin kujerarta. Rigar mai ruwan toka ta yi duhu ta gefe, ga ɗigo yana sauka a ƙasa. Ita ma ta sani. Ta miƙe wuya tana kallon bangon baya, hannayenta sun damƙe kujera.

Ina cikin tunanin yadda zan isa wurinta ba tare da na jawo ido ba, sai wata mata mai manyan 'yan kunne ta nuna ni, ta ce ga 'yar'uwarmu daga Afirka a nan, ya kamata a ji ta bakinta, yaya ake nuna mutanen ƙauye a can. Kafin in ce wani abu an danƙa mini makirufo a hannu. Duk ɗakin ya juyo gare ni. Ban taɓa magana da yawun Afirka ba, ko ƙauyenmu ma ban isa in yi magana da yawunsa ba. Amma na ga idan suna kallona ba sa kallonta. Sai na miƙe na taka zuwa gaba ina magana. Na ce a wurinmu manomi kullum yana cikin fim, sai dai wawa ake mayar da shi, kuma ban san wanne ya fi ba, a bar ka a waje ko a saka ka a haka. Ina faɗa ina cire babban mayafin da na yafa a kan hijabina saboda ruwa. Na ce ɗakin akwai sanyi, Mama kuma lokacin maganinta ya yi. Na rufa mata mayafin tun daga ƙugu har ƙasa, na ajiye makirufon, na juya kujerar. Jikar ta kalli ƙasa, ta gani, ta tura jakarta da ƙafa ta rufe wurin. Muna fita ana tafa mana.

Banɗakin laburaren ƙarami ne, da ƙyar kujerar ta shiga. Na durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo na wanke ta da abin da na zo da shi a jaka, na saka mata abin da ta ƙi da safe. Wannan karon ba ta ture hannuna ba. Ina jin jikar a bayan ƙofa tana ba mutane haƙuri cewa kakarta ta gaji. Da na gama tsohuwar ta cire hular ta ɗora a cinya, ta ce in kai ta gida.

Bayan wannan ba ta sake fita ba sai zuwa asibiti. Ta yi kwanaki ba ta nemi talabijin ba, sai dai in tura ta bakin taga ta yi ta kallon motoci. Jikar ta riƙa zuwa fiye da da. Ta ce mini a kicin da ta san haka za ta faru da ba ta matsa ba. Na ce mata tsohuwar ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙe da shi a rai, kuma ba wanda ya ga abin da ya faru sai mu. Ban tabbata ko ɗaya daga cikin maganganun biyu gaskiya ce ba, amma yarinyar tana bukatar ta ji su. Ita da kakarta ba su taɓa tayar da zancen ranar a gabana ba. Daga baya tsohuwar ta koma kallon fina-finanta, sai dai yanzu barci kan ɗauke ta tun fim bai yi nisa ba, in zare rimot daga hannunta in rage sauti.

Kafin sanyi ya sake shigowa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Da safe na tarar da ita bakinta ya karkace, na kira motar asibiti. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi a Bronx. Kamfani ya rufe aikina a gidanta, ya tura ni Stapleton, wata unguwa a tsallaken ruwa, wurin wani dattijo mai ciwon mantuwa. Tafiyar ta ninka ta da: jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas.

Na je duba ta wata Lahadi. Tana kwance a ɗaki mai gado biyu, ta ƙara ƙanƙancewa. Ba ta gane ni ba. Ta ɗauka yayarta ce ni, wadda na san ta daɗe da rasuwa. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, da ƙyar nake gane maganarta, tana cewa hadari ya taso, tabar tana waje, a kira Baba. Na ce mata an shigar da ita, duk an shigar, Baba ma ya dawo. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Sai ta saki hannuna ta rufe ido. Na zauna har aka kawo mata abinci, ba ta ci ba, sannan na tafi.

Ina cikin jirgin ruwa wata safiya jikar ta kira ni ta ce ta rasu. Na yi mata ta'aziyya yadda muke yi, na ce Allah ya ba ta haƙuri, ta ce amin. Bayan 'yan kwanaki ta sake kira. Ta ce kakarta ta taɓa cewa a kai ta kudu a binne ta kusa da iyayenta, a ƙaramar maƙabartar da ke bayan gonar. Yarinyar ta yi ta buge-bugen waya har ta gano wurin. Gonar yanzu dajin itatuwan katako ce ta wani kamfani, an kewaye ta da waya, kuma an ce sai an nemi izini, amsar tana iya ɗaukar watanni. Gawa ba ta jiran haka. A New Jersey aka binne ta.

Na nemi a ba ni hutun ranar in raka su, aka ce babu wadda za ta karɓe ni. Da lokacin ya yi ina kicin ɗin dattijon nan a Stapleton ina dama masa kunu. Na kashe murhu na ɗan tsaya. Sai ya kira daga falo yana tambayar wace ce a gidansa, na share hannu na je na gaya masa.